Wa ke yi wa tsoho ta'aziyya?

Ranar da aka kai aminin mahaifina makwancinsa a makabartar titin Zariya, cikin sanyin nan na Jos mai ratsa ƙashi, na ga wani abu da ban taɓa kula da shi ba duk yawan jana'izar da na halarta. Mun dawo, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, 'ya'yan mamacin sun jeru a jikin bango, ƙannensa biyu na gefensu. Duk wanda ya zo sai ya durƙusa a gabansu: "Ya haƙuri? Ashe rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Su amsa da amin. Baba na kan kujerar roba, don gwiwa ta daɗe da hana shi zaman ƙasa. Shi abin da ake ce masa daban ne: "Baba, a yi mana addu'a." Ya ɗaga hannu ya yi, a shafa, wasu su tashi, wasu su zo, a sake cewa a yi addu'a. Har aka naɗe tabarmi a rana ta uku ban ji mutum ɗaya ya ce masa ya haƙuri ba. Ni ma ban ce ba.

Alhali sun haura shekara saba'in tare. A Gangare suka tashi, iyayensu duk leburorin kuza ne da suka zo neman abinci suka zauna. Allo ɗaya suka yi, wankan rafi ɗaya a Dilimi, shi ne abokin angon Baba, Baba ne abokin angonsa. Babban ɗan mamacin bai cika hamsin da biyar ba. Kenan duk wurin babu wanda ya kai wannan dattijo daɗewa da sanin mamacin, kuma shi aka bar wa aikin lallashin jama'a.

Da daddare aka kai masa tuwo bai taɓa ba. Na ce, "Baba, a ɗan sa wani abu a ciki mana, ga magani za a sha." Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba, sannan ya ce, "Kai, yau an gama kiran sunana."

Sai da na kwanta maganar ta zauna mini. Bahaushe in ya manyanta sunansa na yanka ɓacewa yake yi. 'Ya'ya su ce Baba, jikoki su ce Alhaji ko tsoho, unguwa ta ce Malam, surukai ma ko Baban sai da sunkuyar da kai. Matarsa kuwa, irin matan da, ba ta taɓa kama sunan ba tun ranar da aka kawo ta. Waɗanda suka rage da ikon kiransa gatsal, ko su jefe shi da laƙabin ƙuruciya, su ne sa'o'insa. Su suka san shi tun ba shi da gemu, suka san wautar da ya yi, da yarinyar da ta ƙi shi, da ranar da ya gudu ya bar takalmi. In na ƙarshensu ya tafi, wani ɓangare na mutum ya rufe, don babu sauran mai ba da shaida a kansa. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. To a duniya wa ya kai tsoho tarin sabo?

Tsarin makokinmu yana da kyau, kuma ban zo rage masa daraja ba. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an rufe. Ba a barin iyali su yi ta kallon gawa suna neman kuɗi. Maƙwabta su ɗora tukunya, bisa umarnin da Manzon Allah (SAW) ya bayar lokacin da labarin shahadar Ja'afar ya zo, cewa a yi wa iyalinsa abinci don abin da ya shagaltar da su ya same su. Kwana uku gida cike, wanda aka yi wa rashi ba ya samun sararin zama shi kaɗai da tunaninsa. Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar nan ya san amfaninta: bugun farko ba ya samunka kai ɗaya.

Sai dai tsarin yana da ma'auni biyu da tsoho ke faɗawa tsakaninsu. Na ɗaya, jini da aure ne ke nuna wa za a yi wa gaisuwa. Ɗa, ƙani, miji, mata, suruki, kowa da wurin zamansa. Aboki ba shi da wuri. Shi mai zuwa gaisuwa ne, ko da kuwa ya fi ɗan mamacin jin mutuwar. Ga matashi wannan ba wata matsala ba ce, don yawancin rashin da ke girgiza shi na iyaye ne, kuma tabarma na jiransa. Ga wanda ya haura saba'in, iyaye sun daɗe da tafiya, waɗanda ake ɗauke masa yanzu abokai ne da ƙawaye da maƙwabtan shekara arba'in, mutanen da al'ada ba ta ba shi izinin zaman makokinsu ba.

Na biyu, tsarin an yi shi ne don rashi guda, wanda zai zo ya wuce, a samu shekaru kafin wani. Tsoho kuwa nasa a jere suke zuwa. Majalisar su Baba da ke zama a ƙofar wani shagon ɗinki bayan la'asar, na san ta da mutum tara. Cikin shekara shida ta koma biyu, yanzu ɗaya. Kafin ya gama jin na wancan an aiko da na wannan. Hadisi ya ce shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne da saba'in, kaɗan ne ke wucewa. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suna sa tsawon ran ɗan Najeriya a wajen shekara 54 zuwa 55, kodayake yawan mutuwar ƙananan yara ne ke janyo lissafin ƙasa haka. Ko ta wace fuska aka duba, wanda Allah ya kai tamanin a ƙasar nan ya binne kusan duk waɗanda ya fara rayuwa da su. Sau da yawa har da 'ya'yan cikinsa, kuma wannan shi ne wanda ba ya warkewa. Na ji wata tsohuwa a gidan makoki tana ta maimaita magana ɗaya a hankali, kamar mai jan carbi: "Shi ya kamata ya kai ni." Matan da ke kusa suka ce, "Haba Hajiya, ke da za ki ba yara haƙuri?" Ta yi shiru, ta gyara lulluɓi.

Wannan "ke da za ki ba yara haƙuri" ita ce cibiyar maganar. Mun ɗauka cewa yawan ganin mutuwa yana sa a saba da ita, kamar yadda tafin manomi ke yin kanta. Mun kuma haɗa haƙuri da shiru muka mayar da su abu ɗaya, sannan muka ɗora wa dattijo nauyin ya fi kowa shirun. Namiji babba ya zubar da hawaye a bainar jama'a, sai a ce tsufa ya fara taɓa shi. Tsohuwa ta yawaita ambaton mijinta bayan shekara, sai a ce ta kasa dangana. Kunya da kara da dattako, kyawawan halayen da muke alfahari da su, a nan sukan zama murfi.

Abin mamaki, addinin da muke jingina wannan shiru gare shi bai ce haka ba. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufa, da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Hawaye ba ya ciki. Lokacin da ɗansa Ibrahim ke gargarar mutuwa, Annabi (SAW) yana da shekara sittin da 'yan kai, idanunsa suka zubar da hawaye har Abdurrahman bin Auf ya ce, "Har kai, ya Manzon Allah?" Ya ce masa wannan rahama ce, sannan ya faɗi maganar da kowane ɗalibi ya sani: ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Cikin 'ya'yansa bakwai, shida a gabansa suka rasu, Nana Faɗima kaɗai ta rage, ita ma wata shida ta ƙara. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta, ba su ji nauyin sunan ba. Annabi Yakubu kuwa, wanda ya ce haƙuri mai kyau, shi ne dai wanda Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, kuma da 'ya'yansa suka ce ba zai daina ambaton Yusufu ba har ya halaka, ya ce shi Allah yake kai wa kukansa. Duk a sura ɗaya, haƙurin da kukan, a bakin dattijo ɗaya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo bayan rasuwar Khadija da shekaru. Nana A'isha ta ce ba ta taɓa kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Khadija ba, alhali ba ta zauna da ita ba, saboda yawan ambatonta da Annabi yake yi. Yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Wata rana Hala, 'yar'uwar Khadija, ta yi sallama, ya ji irin sallamar Khadija, sai ya zabura. A gidajenmu da dattijo zai yi haka, da an fara zunɗe ana cewa a nema masa rubutun dangana. A ƙasar Hausa ma muna da misali. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗoriya, ta ga rasuwar mahaifinta a 1817, ta ɗan'uwanta Muhammadu Bello a 1837, da ta mijinta Waziri Giɗaɗo. Ta rubuta marsiyyoyi, kuma ba ga manyan maza kaɗai ta tsaya ba, har da aminiyarta A'isha ta yi wa. Malama mai wannan daraja ta ga cewa rashin ƙawa ya isa a zauna a yi masa waƙa.

Shirun nan ba a zuciya yake tsayawa ba, jiki yake sauka. Mu kan ce "ai bin ta ya yi" idan tsoho ya rasu wata biyu bayan matarsa, muna faɗa kamar labarin soyayya. Likitoci sun auna abin. A 1969 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Colin Murray Parkes, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin diddigin maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. A wata shida na farko, mutuwa a cikinsu ta ɗara ta sa'o'insu masu mata da kashi 40 cikin ɗari, kuma ciwon zuciya ne kan gaba. A 1990 likitocin Japan suka bayyana wani ciwo da suka kira takotsubo, inda mummunan tashin hankali ke sa tsokar zuciya ta saki farat ɗaya, har a ɗauka bugun zuciya ne. Ya fi kama mata da suka manyanta.

Ba sai an je Japan ba ma kafin a gane yadda abin ke aiki. A gidan tsoho mai hawan jini ko ciwon suga, wa ke tuna lokacin magani? Wa ke rage gishiri a miyarsa, ya dama masa kunu ba sukari, ya ji canjin numfashinsa da tsakar dare? Tsohuwarsa. Ranar da ta tafi, an rasa mata, an rasa ma'aikaciyar jinya, an rasa agogo. Suruka za ta kawo abinci da ladabi ta ajiye, amma ba za ta iya cewa "wallahi sai ka cinye" ba. Barci ya ƙaurace, ci ya ragu, a tsallake magani yau, a tsallake gobe, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. A ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne kwana ya ƙare, kamar yadda yake ƙarewa ga wanda ya faɗa rijiyar da ba a rufe ba.

Mace aƙalla shari'a ta ba ta lokaci. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, kuma ko me za a ce game da ƙarin da al'ada ta yi mata a wasu gidaje, tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: kowa ya san matar nan tana cikin wani hali, ana shigowa duba ta, ba mai tsammanin ta koma daidai a mako guda. Namiji ba shi da irin wannan. Rana ta huɗu ya sa hula ya fita. Maganin da muka sani guda ne, a yi masa aure, wani lokaci tun kafin a yi arba'in an fara shawarar wace bazawara ce za ta iya da shi. Ban ce aure laifi ne ba, na ga inda ya raya mutum. Amma amarya tana maye gurbin girki ne da jinya. Ba ta san sunan ungozomar da ta karɓi ɗan fari ba, ba ta san shekarar da aka yi kwana biyu ba a ɗora tukunya ba aka rufa wa juna asiri. In ya fara ba ta labarin marigayiya, ya ga fuskarta ta canza, sai ya haɗiye.

Ita ma macen, ranar da ta fita takaba wani rashin ke jiranta. A zauna rabon gado: tumuni ne nata idan akwai 'ya'ya, in da kishiyoyi su raba tumunin a tsakaninsu. Gidan da ta yi shekara hamsin a ciki ba ya rabuwa ga magada goma sha biyar sai an sayar. In mijin ɗan fansho ne, a shiga zaryar takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Daga nan sai ɗan da Allah ya ɗaga ya ce, "Hajiya ta dawo wurina ta huta." Haka aka yi wa goggona. Aka ɗauke ta daga Unguwar Rogo, aka bi da ita ta Akwanga da Keffi, aka sauke ta a wani gida mai kyau a Gwarinpa, Abuja, ɗaki da banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki. Da na je gaishe ta na tarar da ita zaune a bakin gado da carbi, talabijin na yi ba mai kallo. Masu gida sun tafi aiki tun bakwai, jikoki na makaranta, in sun dawo ma Turanci suke yi. Na ce, "Goggo, ai kin samu hutu." Ta ce, "Ɗan nan, nan ko sallama ba a yi. Tun safe ƙofar can ba wanda ya taɓa ta." A Jos kafin hantsi mata biyar sun leƙo, wannan aron rariya, wannan kawo tsegumi, wannan a tafi barka. Mijinta ɗaya ya rasu, mu kuma da kyakkyawar niyya muka raba ta da unguwa guda. Ba na zargin ɗanta, don da ya bar ta, mu ɗin nan ne za mu ce ya yi kuɗi ya yar da uwarsa.

Tsofaffin Jos kuma suna da wani kaya da na wasu garuruwa ba su ɗauka ba. Wanda yake da tamanin yau ya yi ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a garin da Bahaushe da Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Bayarabe ke haya a gida ɗaya, a kai wa juna naman layya da shinkafar Kirsimeti. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001 ya ci rayuka kusan dubu cikin kwana shida, a ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone. Aka sake rikici a Nuwamban 2008, aka sake a Janairun 2010, sannan bama-baman 20 ga Mayu 2014 a wajen Terminus suka kashe mutum sama da ɗari. Kowane ɓangare ya binne nasa, wasu a kabari ɗaya, wasu ko gawar ba a gani ba. Bayan kowane rikici sai jama'a su ƙara jan jiki, Musulmi su koma inda Musulmi suka fi yawa, Kirista su koma nasu, har garin ya zama unguwannin da kowa ya san iyakarsa.

Ana lissafa gidaje da shagunan da aka rasa. Ba a lissafa zumuncin tsofaffi da ya yanke ba tare da an yi faɗa ba. Baba yana da wani aboki Kirista da suka yi aiki tare shekaru masu yawa, mutumin da Hausarsa ta fi tawa daɗi. Bayan 2008 ziyara ta koma gaisuwa a waya, wayar ma ta yi ta raguwa. Rasuwarsa sai bayan wata huɗu Baba ya ji, a bakin wani mai sayar da dankali. Ga shi su sukan ajiye gawa a asibiti mako biyu ko fiye kafin a binne, da an sanar da shi da ya samu zuwa ya gaishe da iyali. Babu wanda ya tuna, ko kuma an tuna aka ga kada a wahalar da tsoho ya tsallaka unguwa. Wannan mutuwar ko addu'a ba a ce ya yi ba. A tsaye ya ji ta a bakin hanya, ya karɓi canjinsa ya dawo gida.

Akwai kuma batun sadakar uku da bakwai da arba'in. A garin nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma wa'azinta ya yi tasiri ƙwarai wajen rage waɗannan taruka, bisa hujjar cewa ba su da asali a sunna kuma suna ɗora wa iyalin mamaci nauyi, har a taɓa dukiyar marayu a yi waina da gumba. Wasu gidaje sun bari, wasu suna yi har gobe, kowa da malamansa, kuma ni ba malami ba ne da zan raba wannan gardama. Abin da na lura da shi na zamantakewa ne. Waɗannan ranaku, ko me hukuncinsu, suna tilasta wa dangi su dawo. Rana ta arba'in ita ce daidai lokacin da gida ya yi tsit, baƙi sun watse, rashin ya fara zama gaskiya. Inda aka bar taron, ba a sa komai a gurbinsa ba, alhali ziyarar wanda ke cikin damuwa ba ta buƙatar ranar da aka ƙayyade ko tukunyar sadaka, kuma ba malamin da ya hana ta. Yanzu ma waya ta ƙara sauƙaƙa mana guduwa. A tura "Allah ya jiƙan musulmi" a WhatsApp, a ga alamar an karanta, an sauke nauyi. Tsohon da aka yi wa rashin ko wayar ba ta shafawa ba ce a hannunsa.

To yaushe baƙin ciki ke zama ciwo? Nan ma ana kuskure ta fuska biyu. Wasu 'yan boko sun haddace matakai biyar na alhini da wata likita, Elisabeth Kübler-Ross, ta kawo a 1969, daga ƙin yarda zuwa sallamawa, suna auna iyayensu da su kamar jarrabawa. Ita kuwa a kan marasa lafiyar da ke fuskantar mutuwar kansu ta yi aikinta, kuma masu bincike na baya sun nuna cewa alhini ba ya bin layi: yau mutum ya yi dariya, gobe ƙamshin wani turare ya mayar da shi ranar farko. Tsohuwa ta ce ta yi mafarkin Malam, ko ta ji kamar tarinsa a zaure, ko ta auna shinkafar mutum biyu da mantuwa, duk wannan ba rikicin tsufa ba ne, kuma ba aljanu ba ne. Sabo ne bai gama sakin ta ba. A ɗaya gefen, akwai wanda nasa ke kafewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa alhini mai tsawo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022: idan an haura aƙalla wata shida, begen mamaci ya hana mutum gudanar da rayuwarsa, kuma abin ya wuce yadda al'ada da addinin mutanensa suka saba. Tsohon da ya daina zuwa masallacin da bai taɓa fashi ba, ya daina wanka sai an matsa, yana ramewa, yana cewa shi ya gaji da duniya, wannan yana buƙatar likita kamar yadda mai ciwon suga ke buƙata. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, sai dai kai dattijo can yaƙi ne, don zai ce an mayar da shi mahaukaci. Sau da yawa ta hannun likitan da ke duba hawan jininsa ake samun shiga. Kula da jikin mai alhini ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunun gari da madara ko zuma, idan an yi rashi kuma mata sun watse, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani ɓangare na baƙin ciki. Bayan an watse take sa a dama.

Ni dai sai da aka yi mako uku na iya. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida, lokacin da da can yake tafiya majalisa, yana riƙe da rediyo bai kunna ba. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa na ce, "Baba, ashe an yi mana rashi. Ya haƙuri?" Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Da godiya." Can ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya fara ba ni labarin ranar da su biyu suka saci hanya suka tafi kallon jirgin ƙasa a tasha, malaminsu na allo ya aika gardi ya kamo su, marigayin ya ce shi ya ja Baba, aka yi masa bulalar mutum biyu. Na sha jin labarin, amma ban taɓa jin wannan ɓangaren na bulala ba. Yana yi yana share ido da bakin rawani, ni kuma na kafa ido a kan wata akuya da ke cin bawon rake a tsallaken hanya, don kada ya ga na gani.

Da ya numfasa na ce, "Wai Baba, da wane suna yake kiranka?"

Ya yi dariya har da tari. Ya waiga ya tabbata ba jika a kusa, sannan ya faɗa mini a hankali. Na ƙunshe baki. Ya mayar da hularsa, ya nuna ni da sanda ya ce, "In na kuskura na ji shi a bakinka ko na 'ya'yanka, sai na saɓa maka. Tashi ka ce su kawo mini kunun nan."